Yini Guda a Dutsen Kufena

Mutumin Funtuwa ba baƙo ba ne a Zariya. Jinya tana kai shi Shika, karatun 'ya'ya yana kai shi Samaru ko Kongo, neman kayan gyaran inji yana kai shi Sabon Gari. Amma tara mutum goma a tashar mota ka tambaye su wa ya taɓa hawa Dutsen Kufena, da wuya ka sami ɗaya. Kowa ya hango shi ta tagar mota, baƙi ƙirin a yamma da birni, kowa kuma ya wuce abin da ya kawo shi. Hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. A gindin wannan dutse da kansa aka yi zaman da ya haifi Zariya, kuma daga ƙofar gidajenmu zuwa can tafiyar ba ta kai kilomita 80 ba.

A zamanin kakanni wannan 'yar tafiya fita ƙasa ce. Wanda ya bar Maska ya yi kudu ya bar ƙasar Katsina ke nan, ya shiga hannun wani sarki, da nasa dakaru da nasa kuɗin fito. Fatake suna ɗaure kaya su yi sallama da iyali kamar masu zuwa Gwanja. Yau kuwa sai ka karya kumallo a gida, ka yi azahar a Zazzau, ka dawo ka tarar da tuwon dare bai huce ba.

Abokin tafiyata kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, manomin dawa da auduga daga ƙasar Malumfashi. Ya kwana a Funtuwa, muka tashi bayan gari ya waye sarai, domin hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako irin na da, ba a kuma bari dare ya riski mutum a kanta. Mun zaɓi ƙarshen kaka da gangan: ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe ba santsi, hazon hunturu kuma bai riga ya rufe sararin sama ba.

Hanyar Funtuwa zuwa Zariya ta manoma ce tun daga farko har ƙarshe. An riga an karye masara, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, auduga ta fashe fari fat, barkono shanye a bakin titi ja wur. Jefi-jefi sai ka hango layin dogo a cikin ciyawa, wanda aka ja daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, domin kwashe auduga da gyaɗa. Jirgi ya daɗe da daina bin sa. Muka wuce Giwa, muka wuce Shika, muka shiga Samaru. Da muka zo daidai cibiyar binciken aikin gona, Kawu ya nuna da haɓa ya ce, “Nan ne gidan iri.” Gaskiyarsa. Tun 1922 ake gwajin iri a Samaru, kafin wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma irin auduga da dawa da masara da yawa da muke shukawa daga nan suka fito. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya shi ya ƙara watsa su, har masara ta zama sarauniyar gonakinmu.

Daga Kwangila muka kama hanyar Kaduna, a Ɗanmagaji muka saki babban titi muka shiga Wusasa. Ƙaramin gari ne a inuwar dutsen, amma tarihinsa ya fi girmansa. A 1929 'yan mishan suka taso daga cikin birnin Zariya, inda Likita Mila ya zauna tun farkon zuwan Turawa, suka kafa sansaninsu a nan: asibiti, makaranta, da coci da aka gina da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da bakan gizo da azara, kamar zauren wani babban basarake. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi. Daga cikin wannan al'umma kuma Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa. Ba mu daɗe ba, domin rana ta fara ɗagawa, dutse kuma ba ya son a hau shi da tsakar rana.

A ƙauyen da ke gindin dutsen muka yi sallama da wani dattijo yana saƙar igiya a gindin tsamiya. Kawu ya durƙusa suka gaisa, gaisuwar manoma, wadda sai an tambayi ruwa da amfani da dabbobi kafin a zo kan magana. Da ya ji daga Funtuwa muke sai ya yi dariya ya ce, “Katsinawa, me kuka ajiye a dutsenmu?” Kawu ya ce, “Baba, gani muka zo yi, mu ba jikoki labari.” Ya kira wani jikansa mai kiwon awaki ya ce ya kai mu ta inda hawan ya fi sauƙi, ya kuma gargaɗe mu kada mu zura hannu a kogo.

Kafin hawa, ya kamata mai karatu ya san inda zai taka. Jerin sarakunan Zazzau ya fara da Gunguma, kuma cibiyar sarautar ta yi ƙaura fiye da sau ɗaya. Ta zauna a Turunku, kudu da Zariya, a ƙaramar hukumar Igabi ta yanzu, wanda shi ma gari ne na duwatsu. Labarin baka ya ce a zamanin Bakwa Turunku, da jerin sarautar ya sa a wajen 1536, mutane suka yi yawa ruwa ya yi kaɗan, aka taso arewa zuwa Kufena, daga baya zama ya gangara fili inda birnin yake yau. Ana danganta wa Bakwa 'ya'ya mata biyu, Amina da Zariya. Ɗaya ta bar suna a yaƙi, ɗaya aka sa wa birni sunanta. Masana sun saɓa kan zamanin Amina: littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438, yayin da tarihin da aka rubuta a Abuja ta da ya kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi zancenta a Infaƙul Maisuri. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne ganuwa: a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, in aka ga tsohuwar ganuwa da ba a san maginin ba, sai a ce ta Amina ce.

Hawan ya fara da sauƙi, ta cikin gonakin da suka manne wa dutsen, sannan ƙasa ta ƙare, aka bar mu da falalen dutse tsirara. Takalmin roba ya fi na fata amfani a nan. Yaron kuwa da silifa yake tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, awakinsa na biye. Ƙadangaru jajayen kai suna ta gyaɗa mana kai. Kawu yana hawa yana hutawa, hularsa a hannu, yana cewa gwiwa ta san shekarunta.

A wani ɗan sarari tsakanin manyan duwatsu yaron ya tsaya ya ce, “Malam, dubi nan.” Gurabe ne a jikin falalen, dogaye, sumul, a jere kusa da juna. Na tsuguna na sa tafin hannu a ɗaya: ya shige daidai, gefen da ake turawa ya fi zurfi, gefen da mai niƙa ke durƙusawa ya fi faɗi. Dutse ne mai taurin da guduma ke tsalle a kansa, amma hannun mata da ƙwayar hatsi suka cinye shi haka. Shekara nawa ake niƙa kafin a yi wannan rami? Uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika. Kuma da yake a jere suke, ka san ba a kaɗaice ake aikin ba. Nan ne dandalin hira da waƙar niƙa da tsegumin gari. Kusa da wurin, inda ruwan sama ya wanke ƙasa, tsingaro ne birjik. Na ɗauki ɗaya mai kauri, bakin tukunya ne, da zanen da aka yi ta hanyar mirgina igiya a kan ɗanyen yumɓu. Na juya shi, na mayar inda na same shi, domin in kowane baƙo ya tafi da ɗaya, watarana babu abin da za a nuna.

Da muka kai sama iska ta buge mu, gumi ya bushe nan take. Zariya gaba ɗaya ta shimfiɗu a gabanmu. Gabas ga tsohon birni da hasumiyoyin masallatai da manyan rimaye. Can gaba Tudun Wada da Sabon Gari. Arewa ga dogon benen jami'a a Samaru. Wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi daga kwalejin jiragen sama yana ta kewaye. Mai tsaro a nan zai ga ƙurar dawaki tun suna nesa, ya buga kuge, mata da yara su hau dutse, maza su tare ƙofofi. Wannan shi ne bayanin da kowa ke bayarwa, kuma gaskiya ne.

Amma Kawu ba birni yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, nan gindin dutsen. Ya ce, “Ɗan nan, dubi launin dawar can da ta manne wa dutse, ka dubi ta can nesa.” Ta kusa kore ce shar har yanzu, ta nesa ta yi fari. Ya ce duk ruwan da ya sauka a kan wannan falale babu inda zai nutse, dole ya gangara gindi, ya tafi da ƙurar dutse da kashin tsuntsaye da ruɓaɓɓen ganye. Saboda haka gonar gindin dutse tana shan ruwan sama biyu, nata da na dutse, kuma ko an yi fari ita ce ta ƙarshen bushewa. Sannan ya nuna kukoki a warwatse cikin gonaki ya ce inda duk ka ga kuka ta taru haka, kufai ne, kufai kuwa ba ya son taki, toka da juji na mutanen da sun gama masa aiki.

Daga nan ne idona ya fara ganin tsohuwar ganuwar Kufena. Daga ƙasa ba za ka kula da ita ba, sai ka ɗauka tudu ne kawai. Daga sama kuwa ga ta nan a miƙe, tana ɓacewa tana bayyana, kamar wata ƙatuwar kunyar rogo da aka yi shekaru ba a tayar ba. Abin mamakin ba tsayinta ba ne, faɗin abin da ta kewaye ne. Ba a matse ta jikin gidaje ba. An buɗa ta, ta rungumi fili da fadama da mashaya. Wanda ya zana wannan layi ba gidaje kaɗai yake tsaro ba. Yana lissafin abin da za a ci in abokan gaba sun yi zobe wata da watanni, da inda za a kora shanu, da inda mutanen ƙauyuka za su kafa bukka in sun gudo.

Haka tsarin yake a sauran manyan birane. Ganuwar Zariya ta yanzu ta kai kusan kilomita 15 a kewaye, kuma har cikin ƙarnin da ya wuce ana noma a cikinta. Baturen nan Kilafaton, da ya shiga Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Wani Baturen, Bat, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya tarar da irin haka a Katsina a 1851. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya daɗe da jan hankali cewa garuruwan farko na ƙasar Hausa a gindin irin waɗannan duwatsu suka tsiro, Dala da Kufena da Turunku da Kwatarkwashi, saboda abubuwa da suka haɗu a wuri ɗaya: ƙasa mai albarka, ruwa, tama ta yin ƙarfe, mafaka, da imanin mutanen lokacin cewa iskoki suna zaune a dutse. A shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi sawun ganuwoyin Kufena da Zariya, sun kuma tono matoyar ƙarfe a yammacin Samaru da shekarunta suka haura 1,000. Ƙarfen nan kuwa kafin ya zama mashi, fartanya ya fara zama.

Muna zaune a kan dutsen muna cin gyaɗa da rake, zancen ya karkata inda dole ya karkata. Kawu ya ce akwai gonarsa ta nesa da ya bar ta ga ciyawa, ba don ƙasa ta gaji ba, sai don babu mai yarda ya kwana biyu a can da shanun huɗa. Duk wanda ya san Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ya san wannan labari: gonar bakin gari ta yi tsada, ta daji ta zama kufai, mutanen ƙauye sun cika garuruwa. Ba wanda zai ce a koma gina ganuwar ƙasa. Babur da bindiga ba su san ganuwa ba. Amma tambayar da mutanen Kufena suka yi wa kansu ita ce tamu a yau: ta yaya manomi zai je gona ya dawo? Su sun ɗauke ta a matsayin aikin farko na mai mulki. Sarki ya yi gayya, kowane gari ya kawo hannu, aka haƙa gwalalo aka tara ƙasa da kwando, kowace shekara bayan damina a sake yaɓe inda ruwa ya ci. Sarautar da ta kasa tsare rumbu ba ta daɗewa, kuma sun san haka.

Saukowa ta fi hawa wuya, gwiwa na rawa, dutse ya fara zafi. Ta ɗaya gefen muka bi, sai ƙarar guduma ta tarye mu. Masu fasa dutse ne. Na tsaya kusa da wani matashi ina kallo: an hura wuta a kan falalen tun dare, zafi ya sa fatar dutsen ta tsage, shi kuma yana cusa ƙarfe a tsagar yana ɓamɓaro falle-falle. Mata da yara a gefe suna farfasa su ƙanana, suna tarawa tsibi-tsibi, tifa tana jira. Hannunsa duk kanta, fuskarsa fari da ƙura. Na ce, “Sannu da aiki.” Ya ce, “Yauwa Alhaji, abinci ake nema.” Ba ni da bakin zarginsa. Amma gurbin niƙan da aka shekara ɗaruruwa ana sassaƙawa, yini ɗaya ya isa a mai da shi tsakuwar kankare. Ita ma ganuwar haka take ƙarewa: mai gona ya ɗan ci gefenta, mai bulo ya ɗebi ƙasa, mai fili ya baje ya kafa harsashi.

Bayan azahar muka shiga birni. Tsohuwar Zariya tana da ƙofofinta da sunayensu har yanzu a bakin mutane: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Kibo da sauransu. Muka tsaya a dandalin ƙofar fada, mai ado da zane kala-kala. A nan tarihin ya sake juyawa a 1808, lokacin da Malam Musa ya shigo da tutar jihadi, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa Zuba. Ƙaninsa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan an ɗauki sunan an ba sabon babban birnin tarayya. Tun daga jihadin gidaje huɗu ke karɓa-karɓar sarautar Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Kawu ya ji daɗin wannan, ya ce ashe muna da gida a fada. Sarki Abdulkarim na gidan Katsinawa ne ya sa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830, ginin ƙasa da masana gine-gine suka riƙa zuwa kallo daga ƙasashe. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Marigayi Sarki Shehu Idris, wanda ya yi mulki daga 1975 zuwa 2020, shi ma daga gidan Katsinawa yake.

Muka ci waina da miyar taushe a wata rumfa, muka sayi tsarabar yara, muka kama hanya tun la'asar, domin mu wuce Giwa da sauran rana. Ga mai niyyar zuwa, shawarata kaɗan ce: ya je tsakanin ƙarshen damina da farkon hunturu, ya hau da hantsi, ya riƙe ruwa, ya fara gaida dattawan gindin dutse ya nemi ɗan rakiya, ya kuma tambayi labarin hanya kafin ya fito.

Wani abu kuma ya fi wannan muhimmanci. Kufena ba ita kaɗai ba ce. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna cewa yankinmu na Katsina Laka cike yake da tsofaffin birane masu nasu sarauta da masaƙa da marina: Maska a nan ƙasar Funtuwa, Gozaki a ƙasar Ƙafur, Kogo wajen Faskari, da 'Yandoto ta malamai da yanzu ta faɗa jihar Zamfara. Yaranmu suna haddace sunayen biranen Masar da Rum a makaranta, alhali wasunsu suna kiwon awaki a kan ganuwar da ba wanda ya taɓa gaya musu ta wace ce. Malamin tarihi a Bakori ko Malumfashi ba ya bukatar kuɗin jirgi kafin ya nuna wa ɗalibansa tsohon birni. Mota ɗaya da izinin hakimi sun isa. A yi wannan tun dattawan da suka san inda ƙofofi suke suna raye, tun kuma garma da tifa ba su gama da sauran ba.